Dala 20 a Awa, Haya Ta Cinye Rabi

Tun ranar 1 ga Afrilun 2024, mai soya dankali ko haɗa burodi da nama a manyan gidajen abinci irin su McDonald's a jihar Kalifoniya ta Amurka yake karɓar aƙalla dala 20 a kowace awa. Gwamna Gavin Newsom ne ya sa wa dokar da ta tanadi hakan hannu a 2023, ta kuma shafi kamfanonin da ke da rassa 60 ko fiye a faɗin ƙasar.

Fafutukar neman ƙarin albashin ta faro ne a Nuwamban 2012, lokacin da ma'aikatan irin waɗannan gidajen abinci kusan 200 suka ajiye aiki a birnin New York suna neman dala 15 a awa. Mafi ƙarancin albashi na gwamnatin tarayya kuwa yana nan a dala 7.25 tun 2009.

Sai dai lissafi ne ke tona asiri. Wanda ya yini a tsaye gaban tukunyar mai, awa 40 a mako kan dala 20 a awa, zai tashi da kusan dala 3,470 a wata kafin a cire haraji. A Los Angeles, hayar gida mai ɗaki ɗaya takan haura dala 2,000. Sauran kuɗin ne za su ɗauki abinci, man mota, magani da kula da yara. Ga shi da yawansu ba sa ma samun cikakkun awa 40 ɗin.

Masu gidajen abinci sun koka, wasu sun ƙara farashi. Ma'aikatan dai sun ɗan samu sa'ida, amma muddin ba a gina gidaje masu sauƙin haya ba, kaso mai tsoka na ƙarin zai ci gaba da zarcewa aljihun masu gidajen haya.