Ɗan Tasawa ya dafa ruwa da rana, mu muna ƙona itace

Tambaya ɗaya zan fara da ita: wa ya san inda aka haifi Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa? A Tasawa ne, a 1929. Masanin kimiyya ne, kuma daga 1969 zuwa 1985 shi ya jagoranci ONERSOL, ma'aikatar makamashin rana ta ƙasa. A can Yamai aka riƙa ƙera na'urar ɗumama ruwa da rana, da hannun ƴan Nijar, tun wasunmu iyayensu ba su yi aure ba. Ya rasu a 1991.

To yau ku zagaya Tasawa da Mayahi. Mahauta, masu rini, mata masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ɗakin haihuwa a gidan likita, kowa na buƙatar ruwan zafi, kuma kusan kowa itace yake hurawa. Itacen nan daga ina? Daga gonakin da manoman jihar Maradi suka raya gawo da sassaben zamani tun shekarun 1980, da abin da ya saura a kwarin Gulbin Kaba.

Abin kuwa ba sihiri ba ne, kuma ba shi ne fanon da ke ba da wuta ba. Faranti ne baƙi, tiyo a jikinsa, gilashi a sama, tano a bisa. Ruwa in ya yi zafi sai ya hau da kansa, mai sanyi ya sauko, ba famfo ba batir. Lissafin ma ga shi: lita 100 daga digiri 25 zuwa 60 na cin wajen kilowat-awa 4. Ranar ƙasarmu na zuba 5 zuwa 7 a kowane murabba'in mita kullum. Ko rabi faranti ya kama, mita biyu sun wadatar. Ba zai tafasa muku ba, amma wanda ya ɗora tukunya da ruwa mai digiri 60 ya rage itace da yawa. Ƙurar hunturu dai sai an riƙa shafe ta, gishirin ruwan rijiya kuma yana toshe tiyo in ba a wanke ba.

Akwai kuma zafin da muke zubarwa. Injin niƙa mai gazuwal kusan kashi ɗaya cikin uku na mansa ne ke zama aiki, saura hayaƙi da zafi. Tandar gidan burodi ma haka. Mai walda da ya iya hannunsa zai naɗa tiyo a bututun hayaƙin, ruwa ya bi ta ciki.

Ni a ganina laifin ba na talauci kaɗai ba ne, ba wanda ya sa abin a takardar kwangila. Don haka mu je wurin hukumomin garuruwanmu da buƙata biyu: duk mahauta ko ɗakin haihuwa da za a gina ko a gyara, a rubuta na'urar nan cikin sharuɗɗa, kuma cibiyoyin koyon sana'a na Tasawa da Mayahi su koya wa masu walda ƙera ta. Wanda zai shiga tawagar ya ba da sunansa kafin mu watse.