Jawabin Buɗe Wurin Renon Itatuwa a Bakin Dajin Falgore



Cikin irin da za mu fara reno a nan, akwai itace ɗaya da na roƙa a ware masa layi guda, wato namijin kaɗe, wanda masana ke kira Lophira lanceolata.

Wanda ya hango shi daga nesa zai rantse kaɗanya ce, saboda ganyensa ma a kan reshe yake taruwa. Sai ka matso. Ganyen ya fi na kaɗanya tsawo da siranta, gefensa a lanƙwashe, jijiyoyinsa ƙanana a jere kamar haƙoran mataji. Ka sari kaɗanya, farin ruwa mai danƙo zai fito. Shi kuwa babu. Da rani, bayan wutar daji ta wuce ƙasa ta yi baƙi ƙirin, sai ka ga ya yi sabon toho ja wur, sannan farin fure mai ƙamshi da zuma ke rububinsa. Ɗansa na da fukafukai biyu, ɗaya dogo ɗaya gajere, da su iska ke ɗaukarsa. Kaurin ɓawonsa ne ke kare shi daga wuta, kuma ko a tudu mai tsakuwa yakan kama. Tun daga Senegal har Sudan ana samunsa a irin wannan daji na doka da taura.

Ana matse mai daga ƙwayarsa, ana asuwaki da shi, masu magani sun san saiwarsa. Amma da yake ba ya ba da man kaɗe, mai gawayi ba ya jin nauyin sare shi. Na ga kututturensa a hanyar Doguwa, jan cikinsa a fili, abin ya tsaya mini a rai.

A 2020 gwamnatin tarayya ta amince Falgore ya shiga sahun gandun daji na ƙasa. Ta cikinsa Kogin Kano ke bi ya zuba a madatsar Tiga, wadda manoman Kadawa ke noman rani da ruwanta tun shekarun 1970. Saiwar itatuwan nan ce ke riƙe ƙasar da in ta zaizaye za ta cike madatsar.

Matasa, ƙwayar namijin kaɗe ba ta jure ajiya. Da kun tsinto, ku shuka.

Masu girma hakimai da dagatai, ga dashen farko, muna roƙon ku sa mana albarka. Allah ya raya shi.