Itacen Wilo a Lambun Gida: Kulawa da Datsa



Itacen da zan yi magana a kansa yau ba a saba ganinsa a lambunan ƙasarmu ba. Turawan Ingila suna kiransa wilo, Larabawa kuwa safsaf. Danginsa sun haura iri 300, akasarinsu a ƙasashe masu sanyi na Turai da Asiya da Amurka ta Arewa, inda suke bin bakin rafi da fadama. Wanda ya fi shahara a lambunan gidaje shi ne mai rassa masu zubowa ƙasa kamar tufka. Asalinsa daga arewacin Sin yake, ko da yake masanin tsirrai Linnaeus ya laƙaba masa sunan Babila a 1753, bisa zaton daga can ya fito. Har ila yau, a 1763 wani malamin coci, Edward Stone, ya ba da rahoto a Landan cewa ɓawon wilo yana sauƙaƙa zazzaɓi, kuma bin wannan sawu ne ya kai ga haɗa asfirin a Jamus a 1897.

To, abin da nake so mu riƙe shi ne: wilo itace ne mai yafe sara, amma ba ya yafe sakaci.

Mu fara da dashe. Yana cikin itatuwan da suka fi sauƙin kamawa, domin in aka yanki tsumagiya ɗanya aka soka a ƙasa mai laima, sai ta yi saiwa. Wannan sauƙi shi ne tarkon mai gida. Saiwoyinsa suna yaɗuwa nesa ƙwarai wajen neman ruwa, in suka sami tsaga a bututun magudana sai su kutsa su toshe shi. A ƙasa mai yumɓu kuma, irin ta kewayen Landan, itacen yakan tsotse laima lokacin zafi, ƙasa ta motse, harsashin gini ya zauna, bango ya tsage. Saboda haka ake shawartar mai gida ya nisanta babban wilo da gini da magudana da aƙalla mita 15. Wanda filinsa bai kai haka ba, gara ya nemi ƙananan iri, ko ya haƙura.

Sai batun lokacin datsa. A Ingila ana yinsa ne a ƙarshen hunturu, wajen Fabrairu zuwa Maris, sa'ad da ganye ya kaɗe, itacen yana hutawa, kafin sabon toho. Hikimar ita ce, a lokacin ana ganin tsarin rassa sarai, kuma girman da ke tafe zai taimaka wajen rufe rauni. Irin da ake dasawa domin furensa kuwa, sai a jira fure ya wuce.

Icce, in ji Hausawa, tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A shekarun farko ake zaɓen sanda guda ta zama gangar jiki, a cire kishiyoyinta. Bayan haka aikin kowace shekara shi ne cire busassun rassa, da masu cuta, da masu gogar juna. In reshe mai nauyi ne, ana yi masa yanka uku da zarto: na farko daga ƙasa, ɗan nesa da gangar jiki, na biyu daga sama, gaba kaɗan da na farko, har reshen ya faɗi, na uku a cire guntun da ya rage. Yin haka yana hana ɓawo yagewa. Kada yankan ƙarshe ya taɓa kumburin nan da ke gindin reshe, domin daga nan itace yake killace raunin. A da ana shafa fenti ko kwalta a wurin yanka, amma binciken Alex Shigo a Amurka ya nuna cewa wannan ba ya hana ruɓa.

Akwai kuma tsoffin hanyoyi biyu na sara mai tsanani. Ta farko saran gindi: a yanke itacen kusa da ƙasa kowace shekara, ya fitar da tsumagu miƙaƙƙu, waɗanda masaƙan kwando na fadamar Somerset suke aiki da su har yau. Ta biyu saran ka: a yanke shi a tsayin mita 2 zuwa 3, inda bakin shanu ba ya kai wa toho. Wanda ya ga yadda ake sassabe dogonyaro a unguwanninmu, ya sake tohowa daga ka, ya fahimci wannan.

A nan ne sakaci yake da tsada. Rassan da suka toho bayan saran ka ba su da zurfin kamu a jikin itacen, ga shi katakon wilo mai saurin karyewa ne. In aka ci gaba da saran duk bayan 'yan shekaru, itacen yakan daɗe fiye da ɗan'uwansa da ba a taɓa ba. In kuwa aka sare sau ɗaya aka manta, rassan sai su yi kauri, iska ta taso, kan ya tsage, ya faɗa kan rufi ko kan mai wucewa. Watau wanda ya ɗora zarto karo na farko ya ɗauki alkawari ne, na kansa da na wanda zai gaji gidan.

Ku da za ku riƙa tsara gidaje da tituna, ko da ba za ku taɓa dasa wilo ba, tambayoyin ɗaya ne ga kowane itace: ina saiwarsa za ta kai, kuma wa zai datse shi bayan shekara 10? A amsa su kafin a haƙa rami.