Ciwon Tabin Hankali: Kowa da Sunan da Yake Kiransa

Yau maganarmu a kan ciwon da likitoci ke kira sikizofireniya ne. Mai shi yakan ji muryoyin da ba wanda ke ji, ya yi ta zargin ana neman ransa, ya daina wanka da zuwa gona. Yakan fara ne tun ana samartaka, kuma yana kama kusan mutum 1 cikin 300 a duniya.

Ciwon ɗaya ne, amma kowace al'umma da yadda take ɗaukarsa. Kakanninmu sukan ce iskoki ne ko sammu, sai a nemi boka ko 'yan bori. Maƙwabtanmu da yawa sukan ce aljanu ne, a kira malami ya yi ruƙiya. A ƙasar Yarbawa akan kai wurin babalawo ko gidan addu'a. Mu kuma mukan kai wa fasto, mu tsaya nan.

A shekarar 2004 an buga wani bincike da aka yi a Karfi, ƙaramar hukumar Kura. Cikin mutum 250 da aka tambaya, kashi 46 cikin ɗari suka zaɓi asibiti, kashi 34 suka zaɓi maganin ruhaniya. Yayin da iyali ke yawo daga wannan ƙofa zuwa waccan, ana sayar da awaki da hatsi, ciwo kuwa yana ƙara tsufa.

Tun 1954, Dokta Thomas Adeoye Lambo ya nuna hanya a Aro, kusa da Abeokuta. Majinyata suka zauna a ƙauyuka tare da danginsu suna karɓar magani, ba a raba su da mutanensu ba.

Saboda haka, 'yan'uwa, mu yi addu'a, mu kuma kai mara lafiya asibiti. A fara da babban asibitin Rano, ko a wuce asibitin Dawanau ko na Malam Aminu Kano. Kada a daina shan magani don an ga sauƙi, sai likita ya ce. Kada a sa masa mari ko a doke shi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023 ta kare haƙƙinsa.

Zumuntar mata da matasa, ku riƙa ziyartar irin waɗannan gidaje, ku taimaka da kuɗin mota ranar ganin likita. Ubangiji ya ba mu ikon yi.