Kitse Ma Yana Magana: Leptin da Ciwon Daji

Jawabin da aka gabatar a taron malaman firamare a Unguwar Lalle

 

Ni ba likita ba ne, alli da allo na sani. Abin da ya tsayar da ni gabanku shi ne rasuwar wata abokiyar aikinmu, Allah Ya jiƙanta. Shekaru muna yaba mata cewa ta yi jiki, aure ya karɓe ta. Ta ji ƙullutu a mama ta ɓoye, sai da ya fashe aka kai ta Sakkwato, lokaci kuwa ya ƙure. Tun daga ranar na shiga karatu a kan dangantakar ƙiba da sankara.

Mun taso muna ɗaukar kitse tamkar rumbu, wurin ajiya kawai. Ashe kitse yana aika saƙo. A shekarar 1994 wani masani mai suna Jeffrey Friedman, na Jami'ar Rockefeller a Amurka, ya gano asalin wani sinadari da ƙwayoyin kitse ke zubawa cikin jini. Aka raɗa masa suna leptin, daga kalmar Girkanci mai nufin siriri. Aikinsa shi ne sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya a jiki, don ta rage jin yunwa. Gwargwadon yawan kitse, gwargwadon yawan leptin, kuma ya fi yawa a jinin mata.

Idan ƙiba ta wuce kima, sai ƙwaƙwalwa ta daina saurarensa, kamar ajin da ya saba da tsawar malami. Yunwa ba ta ragu ba, leptin kuma ya cika jini. A nan matsalar take, domin ƙwayoyin sankara da dama, musamman na mama da na hanji, suna da ƙofar karɓar saƙonsa. Gwaje-gwajen ɗakin bincike sun nuna yana yi musu hidima uku. Yana zuga su su riƙa rarrabuwa suna yawaita. Yana hana su mutuwa a lokacin da lalatacciyar ƙwaya ta kamata ta mutu. Yana kuma taimaka wa ƙari ya shimfiɗa sababbin jijiyoyin jini da zai sha abinci ta cikinsu, kamar mai noman rani da ya ja ruwa daga gulbi zuwa gonarsa. A mama kuwa yana ƙara samar da sinadarin mata, istirojin, wanda yawancin sankarar mama ke girma da shi.

A 2016 hukumar binciken ciwon daji ta duniya, mai mazauni a Liyon ta Faransa, ta bayyana cewa yawan kitse yana ƙara haɗarin sankara iri 13, ciki har da ta hanji, ta ƙoda, ta hanta, ta cikin mahaifa, da ta mama bayan ɗaukewar al'ada.

Kada a fahimce ni a baibai. Leptin ba guba ba ne, jiki yana buƙatarsa. Siriri ma yana kamuwa da daji, mai ƙiba kuma yana iya tsufa lafiya lau. Na kuma san a ƙasar Gobir ta yau, inda rashin tsaro ya raba mutane da gonakinsu, tamowa ce ta fi addabar ɗalibanmu. To amma a wannan ƙasa ce 'yan matanmu da amare ke sayen ƙwayoyin sa ƙiba, irin su sha-ka-fashe, don kada a ce miji ya gaza. Mu kuma masu albashi mun mai da tumbi shaidar rufin asiri.

Roƙona uku ne. Na farko, mu daina auna zaman lafiyar aure da faɗin jiki, mu hana 'ya'yanmu waɗannan ƙwayoyi. Na biyu, mu rage lemon kwalba da yawan sukari a shayi, mu riƙe zogale, rama da wake, mu kuma taka da ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa a kowace ranar makaranta. Na uku, duk wadda ta ji ƙullutu, ko ta ga jini ba a lokacinsa ba, ta je asibiti da wuri. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato yana da sashen kula da ciwon daji. Hanya tana da wuya, kuɗi ma haka, don haka ina kira ga reshenmu ya ware wani abu daga asusun taimakon juna domin kuɗin mota da gwaji.

Maganar malami tana shiga gidajen da likita bai taɓa takawa ba. Mu kai wannan gida, mu fara da iyalanmu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya dawo mana da zaman lafiya.