Jawabin Shugabar Mata: Kafur da Man Zafi a Ɗakunanmu

Iyayena, yayyena da ƙannena na Bagudo, Kaoje, Illo, Lolo, Tsamiya, Zagga da sauran mazaɓu, barkanmu da war haka. Ga jawabin da na yi a zamanmu, na rubuto shi don waɗanda ba su samu zuwa ba. Wadda ta iya karatu ta karanta wa maƙwabciyarta.

Hunturu ya shigo, mura da tari sun kama yara, kowace uwa hannunta na kan kwalbar Robb ko Aboniki. To, magana ta a kan wannan ce. Waɗannan mayuka akwai kafur a cikinsu, da man bishiyar turare. Babba ya shafa ya ji daɗi. Amma jariri fatarsa sirara ce, jikinsa ƙarami, abin yana shiga jini ya hau ƙwaƙwalwa, sai jijjiga. In kuwa haɗiya ya yi, wani lokaci ko awa ɗaya ba a yi ba zai fara taune-taune. Cokalin shayi guda na man kafur mai ƙarfi ya isa ya hallaka ɗan yaye.

Ba ni na ƙirƙiro ba. A 2008 a birnin New York na Amurka, an kai yara uku asibiti da jijjiga, aka bincika aka ga kafur ne na cikin gida, har hukumar lafiyar birnin ta fitar da gargaɗi. Amurka tun farkon shekarun 1980 ta hana kafur ya wuce kashi 11 cikin ɗari a maganin shafawa. Vicks ma a jikin kwalbarsa an rubuta ban da yaron da bai kai shekara 2 ba. Faransa kuma a 2011 ta hana a yi wa yaron da bai kai wata 30 ba amfani da magungunan matsi masu irin waɗannan mayuka.

Na kawo Faransa ne da gangan. Mu nan bakin iyaka muke, kaya na shigo mana ta Segbana da Malanville, rubutun jikinsu Faransanci ne, mu da muka yi sakandare ma ba ma gane shi. Wasu kuma an ɗura su cikin 'yar kwalba ba suna ba lambar NAFDAC, mai talla ya ce na mura ne, na haƙori ne, na aljanu ne, duk shi kaɗai. Ku riƙe kalma ɗaya: in kun ga Camphor ko Camphre, kafur ke nan.

Sai kafur ɗin da muke zubawa cikin akwati da kayan jego. Fari ne ƙwal, mai rarrafe gani yake alewa ce. Yawancin na kasuwa ma wani sinadari ne daban, wanda ke fasa jinin wasu jarirai ya sa musu shawara. Wanki da rana sun isa kayan jariri.

Abin da ya fi ci mini rai, yaro na jijjiga, mu kuma mu ƙara lafta masa man zafi a hanci da ƙirji, a tura cokali a baki, a ɗura manja ko madara. Dan Allah a bari. Maiƙo yana ƙara saurin shigar kafur jiki, ɗura kuwa tana iya shaƙe shi. Kada a sa shi amai. A kwantar da shi a gefensa, a sassauta riga, a wanke inda aka shafa da ruwa da sabulu, a nufi asibiti da kwalbar a hannu. Ku faɗa wa ma'aikacin lafiya gaskiyar abin da aka shafa ko ya sha, kada kunya ko tsoron faɗa ya hana. In kun yi shiru zai ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne kawai.

Kakanni, da girmamawa nake roƙonku, don na san sau da yawa ku ke riƙe da kwalbar, amarya ba ta iya musa muku. Shugabannin mata na mazaɓu, ku kai maganar nan gidajen suna da Islamiyyoyi cikin makon nan, musamman wajen unguwar zoma da masu wankan jego. Wadda ke da kwalbar da ba ta gane rubutunta ba, ta ɗauki hotonta ta turo nan, za mu nuna wa ma'aikaciyar jinya ta karanta mana.

Allah ya raya mana zuri'a. Wassalam.