Ina Zango? Tafiyar Mota Daga Kano Zuwa Tsaunin Mambila



An nemi in yi magana a kan wuraren da mai sha'awar daji da tsirrai da tsuntsaye zai tsaya idan ya ɗauki doguwar hanya da mota. Na zaɓi hanya guda da na sani: daga Kano a bi Jos, Bauchi, Gombe, Numan, Jalingo da Serti, a ƙare a Gembu. Tsawonta ya haura kilomita 1,000. Direba mai zafin ƙafa zai cinye ta cikin kwana biyu, ya sauke fasinja da ciwon baya, babu abin da suka gani sai bayan tirela. A ganina hanya ce ta kwana takwas, kuma abin da ya sa ba ma ba ta haƙƙinta shi ne mun manta da zango.

A da, fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro da zango suke auna tafiya. Madugu yana da jagaba, wanda ke yin gaba ya duba inda ruwa yake, inda jakuna za su yi kiwo, inda ayari zai kwana lafiya. Da mota ta zo sai tasha ta gaji zango, ita kuwa tasha ba ruwanta da inuwa ko kyan wuri, inda fasinja suke nan take. Shi ya sa mutum zai ratsa dajin Falgore sau ashirin, ka tambaye shi itatuwan da ke ciki ya ce maka shi dai ya san wurin da ake yin shiru a mota ana addu'a.

To, da Falgore za mu fara. Idan ka bar titin Zariya a Kwanar Dangora ka wuce Tudun Wada, ƙasa za ta fara sauya fuska. Kuka da gawo na gonakin Kano suna ja da baya, doka da maje da marke suna matsowa har bakin kwalta. Ta nan Kogin Kano ke ratsowa ya cika madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, kuma da wannan ruwan ake noman rani a Kadawa. Wato tumaturin miyar Bakano yana da hannun dajin nan a ciki, ko da shi Bakanon tsoronsa kawai yake ji. Tsoron ma yana da dalili, dajin ya yi suna da 'yan fashi shekara da shekaru. Saboda haka ban ce kowa ya kutsa ciki shi kaɗai ba. A ratsa da hantsi, a rage gudu, a sauke gilashi, a tsaya inda ma'aikata suke.

Daga Saminaka hanya ta fara hawa, iska ta fara sanyi. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma ƙololuwar duwatsun Shere da ke gabashinta ta kai mita 1,829. Kowa ya san dutsen Riyom da ruwan Assop, hotunansu sun cika kalanda, don haka zan wuce su. Inda nake so ku kwana a rai shi ne wani ɗan kurmi a Laminga, wajen gari kaɗan, mai suna Amurum. Faɗinsa bai wuce hekta 300 ba, amma a nan cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis take, ƙarƙashin Jami'ar Jos. A cikin duwatsun wurin akwai wani ɗan tsuntsu ja, bai kai tafin hannun yaro ba, wanda masana ba su rubuta shi a matsayin jinsi mai zaman kansa ba sai a 1998. Yana da wani baƙin maƙwabci da ba ya gina sheƙa. Sai ya faki ido ya saka ƙwansa a sheƙar jan, jan ya ƙyanƙyashe ya yi reno, ɗan riƙon kuma ya tashi yana rera kukan uban riƙonsa. Da asuba na je, da rigar sanyi biyu. Wani ɗalibi ya miƙo mini madubin hangen nesa ya ce, "Baba, kada ka nemi tsuntsun, dubi bakin dutsen can ka jira." Na kusa rabin awa ina jira, ƙafata ta yi sanyi ƙalau, sannan jan tsuntsun ya sauko yana tsince ƙwayar ciyawa. Bai yi minti guda ba ya tashi. Har yau idan aka ce Jos shi nake fara tunawa, kafin dankalin Turawa.

Daga Jos a gangara Bauchi, a ɗauki titin Gombe, a karya a Dindima zuwa ƙofar Yankari da ke Mainamaji. Faɗin dajin murabba'in kilomita 2,244 ne. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, ya koma hannun Gwamnatin Tarayya a 1991, sannan aka mayar wa Jihar Bauchi a 2006. Akwai ɓauna da gwanki da gwambaza da mazo, akwai dorina da kada a Kogin Gaji, akwai kuma ɗaya daga cikin manyan garken giwayen da suka rage a Nijeriya. Sai dai in faɗa muku gaskiya: giwa ba ta yi wa kowa alkawari ba. Kana iya yini kana zagaye ba ka ga komai ba sai kashinta da rassan da ta karya. Manomin da ke gefen dajin kuma, wanda take shiga wa gona da dare, shi ba kallo ya ɗauke ta ba, kuma duk shirin yawon buɗe ido da bai sa shi a lissafi ba, a kan rairayi aka yi gininsa.

Abin da ba ya saɓa alkawari a Yankari shi ne ruwan Wikki. Daga ƙarƙashin wani dutse yake ɓuɓɓugowa, ɗuminsa yana nan a kan digiri 31 rani da damina, dare da rana, garau har kana ƙirga yatsun ƙafarka a kan farin yashi. Wanda ya kwaso ƙurar Jos da Bauchi ya shiga bayan magariba, lokacin da hayaniyar 'yan makaranta ta lafa. Amma ya kula da kayansa. Birai na wurin sun san ƙarar leda fiye da yaran gida. Ina tsaye da burodi a hannu ina gaisawa da wani, wani ƙaton bika ya zo ta baya ya fizge, ya koma nesa kaɗan ya zauna ya kwance ledar a natse yana kallona. Laifinmu ne, mu muka koya musu da jefa musu abinci don mu ɗauki hoto.

Tsakanin Gombe da Numan ba sai an kwana ba. A tsaya a kalli duwatsun ƙasar Tangale wajen Kaltungo, a sake tsayawa a Numan inda Gongola ke zuba cikin Binuwai, a sayi kifi a wuce. Amma daga Jalingo zuwa Bali, mai ido zai lura da wani giɓi. Madobiya ce, itaciyar da 'yan katako suka laƙaba wa suna Madrid, wadda aka yi ta sara ana lodi zuwa Sin har sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da dokar duniya ta taƙaita cinikinsu. Kututturanta na nan a gefen hanya. Su ma abin tsayawa a gani ne, musamman idan da yara a motar.

A Serti hedkwatar gandun dajin Gashaka-Gumti take, wanda ya fi kowane gandun daji na tarayya girma a ƙasar nan, sama da murabba'in kilomita 6,000, an kafa shi a 1991. A cikinsa Chappal Waddi yake, mita 2,419, tsauni mafi tsayi a Nijeriya, a kan iyakar Kamaru. Akwai birin cimfanzi a kurminsa. Wannan daji na mai ƙafa ne, dole a ajiye mota a ɗauki ɗan jagora, kuma hawan Chappal Waddi aikin kwanaki ne. Mai kwana ɗaya ya wadatu da bakin Kogin Kam.

Sai hawan Mambila, daga Mayo Selbe. Duk wanda ya taɓa binsa ya san yadda hira ke mutuwa a mota. Kwana kan kwana, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗayan, direba ya sa giya ta ɗaya yana sauraron injin. Tamu motar ta yi zafi a tsakiya, muka sa duwatsu a bayan taya muka jira lagireto ya huce. Albarkacin wannan lalura na ga abin da ban taɓa gani ba: kwarin da muka baro shimfiɗe a ƙasa, gajimare yana yawo a ƙarƙashin ƙafafunmu, shaho yana shawagi muna kallon bayansa. Da motar lafiya take da mun wuce, don babu inda aka tanada a tsaya.

A sama kuma wata duniya ce. Tsayin ya kai kimanin mita 1,600, tuddai ne marasa itace sai ciyawa da shanu, sai layukan itacen turare da aka dasa, sai gonar shayi ta Kakara. Yankin ya taɓa zama ƙarƙashin Jamus, ya shigo Nijeriya ta ƙuri'ar raba-gardama ta 1961, shi ya sa ƙaramar hukumar ke ɗauke da sunan Sardauna. Kusa da ƙauyen Yelwa akwai kurmin Ngel Nyaki, ragowar irin dajin tsauni da ya yi ƙaranci ƙwarai a ƙasar nan, maƙale a gangaren dutse inda wutar daji ba ta cika kaiwa ba. Daga cikin ciyawa mai haske kake shiga duhunsa kai tsaye, kamar ka shiga zaure da tsakar rana.

Wata matsala da ba ni da maganinta ita ce lokaci. Namun Yankari sun fi ganuwa da bazara, sa'ad da ƙishi ya tara su a Gaji, amma a lokacin Mambila ta bushe, an ƙone ciyawa, ƙura ta rufe nesa. Da damina tsaunin ya yi kore shar, hanyoyin cikin daji kuma sun zama taɓo. Ni na fi son Nuwamba, bayan ɗaukewar ruwa kafin hazo ya yi kauri, na san kuma na sayar da giwa ne na sayi tsauni.

Ga masu riƙe da ma'aikatun yawon buɗe ido da ke zaune a nan, roƙona ƙarami ne. Duk shekara muna jin maganar otal mai hawa kaza. A wani gari a kan hanyar nan na kwana a irinsa, mai ƙofar gilashi da hoton zaki a bango, da bokiti aka kawo mini ruwan alwala daga maƙwabta. Abin da matafiyi ke nema fili ne da mota biyar za su fake, da rumfa, da makewayi mai ruwa, da wurin salla, da mutum ɗaya ɗan wurin, tsohon maharbi ko makiyayi, wanda za a biya shi ya ce wannan ƙirya ce, wancan sawun gada ne. Irin waɗannan mutane suna nan a kowane ƙauye da na ambata, kuma yawancinsu sun manyanta. Idan za a gwada da wuri guda, a fara da kwanar nan ta hawan Mayo Selbe inda motarmu ta tsaya. Na ga tabon baƙin mai da duwatsun tare taya birjik a wurin, alamar ba mu ne na farko ba.